Kafaɗata Ce Ta Biya

Bari in tona wa kaina asiri kafin maƙwabta su riga ni. Na yi wata uku cur ina kwana cikin warin man zafi, kafaɗar hagu ɗaure da tsohon ɗankwalin uwargida, duk wanda ya tambaye ni kuma sai in ce masa sanyi ne ya kama ni. Ƙarya nake yi, jita ce. In ma za a bi gaskiya har gindinta, jitar ba ta da laifi, tana rataye a shagonsu ba ta kira kowa ba. Ni na taka da ƙafata, na zaro kuɗin adashina, na sayo wa kaina wahala, har ina yi wa mai shago godiya.

Shekara 14 ina kaɗa jita a wata 'yar ƙungiya a Kaduna. Ranakun aiki malamin makaranta ne ni, amma daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, duk inda ake biki ko walimar ritaya ko taron tsofaffin ɗalibai, in an kira mu muna nan. Ni ne ɗan lid, wato mai jitar nan da ke kuka a sama, wanda ake sakar wa fili da zarar mawaƙi ya tsaya jan numfashi. Ɗan lid a gaba yake tsayawa. Shi mai hoto ke nema, shi ake manna wa kuɗi a goshi. Can baya kuwa, a lungu tsakanin mai ganga da tulin wayoyi, akwai wani bawan Allah mai shiru-shiru da ke riƙe da bes. Shekara da shekaru ina kiransa mai gadi. Nakan ce aikinsa bai wuce dum, dum, dum ba, ko akuya aka rataya wa za ta iya. Shi dai sai ya yi murmushi. Sai yanzu na gane murmushin, irin wanda mai ɗori ke yi ne in ya ga yaro yana tseren babur.

Ranar da ya samu aiki a Abuja ya yi mana sallama, shugabanmu ya zauna ya rafka tagumi, ga wani babban biki saura wata biyu. Kafin kowa ya buɗe baki na ɗaga hannu na ce, "Oga, kwantar da hankalinka. Wanda ya iya tsirkiya shida, huɗu ne za su gagare shi?" Aka tafa mini, aka ce na yi sadaukarwa. Abin da ban faɗa ba shi ne, wani yaro ya shigo ƙungiyar ba da daɗewa ba, shi ma lid yake kaɗawa, hannunsa kamar ruwa, na kuma lura mai hoto ya fara karkata wajensa. Na gwammace in sauka da kaina da a zo a sauke ni.

A takarda lissafina bai da gyara. Tsirkiyoyin bes huɗu, E, A, D, G, su ne dai huɗun nan masu kauri na jita, an saukar da muryarsu ƙasa ne kawai. Duk inda yatsa ya saba zuwa, nan zai je. Abin da takarda ta ɓoye mini shi ne nisa. Tsawon tsirkiyar jitata inci 25 da rabi ne, wajen santimita 65. Na bes ta gama-gari inci 34, santimita 86. Leo Fender ne ya tsayar da wannan awo a Amurka tun 1951 da ya fitar da Precision, duniya ta bi shi, shi kuwa mutumin bai ma iya kaɗa jita ba, saboda haka ba yatsunsa ne suka sha azaba ba. Gaɓar farko a wuyan jita santimita 3 da rabi ce, a bes ta kusa 5. A ido ba wani abu ba ne. Ka tambayi autan yatsuna ka sha labari.

Na aro ta wani abokina da ke kaɗawa a coci a Sabon Tasha don in ɗanɗana na mako guda. Daren farko na gano cewa siririyar tsirkiyar bes kaurinta ɗaya da mafi kaurin ta jita, babbar kuwa ta kusa milimita 3, sai ka ce wayar birkin babur. Na ƙi amfani da 'yar robar kaɗawa, don na ji an ce manyan masu bes da yatsu suke yi. Kafin asuba yatsu biyu na dama sun yi bororo. Washegari a aji na kasa riƙe alli, na ce wa ɗalibai yau ranar karatu da baki ce, ba rubutu. Suka yi ta murna, suna cewa Malam ya zo da sabon salon koyarwa.

Daga nan na shiga bincike. Dare huɗu ina ƙona data, har na zama shehin malami a fannin inci. Na gano ashe akwai gajerun bes masu inci 30, irin su Mustang da Fender ta fitar a 1966, da 'yar araharta Squier Bronco, akwai ma Ibanez Mikro da ba ta kai inci 29 ba. Na gano wuyan Jazz Bass ya fi na Precision siranta, milimita 38 ne a can sama, shi ya sa wanda ya fito daga jita yakan fi sakewa da shi. Na gano ba ni ne farau ba. Paul McCartney ɗan jita ne, da mai bes ɗin Beatles ya bar su a 1961 aka rasa mai karɓa sai shi, ya shiga shago a Hambug ta Jamus ya sayi Höfner, gajera, mai rami a ciki, marar nauyi, a kan wajen fam 30, saboda kuɗinsa bai kai na Fender ba. Carol Kaye ita ma 'yar jita ce, wata rana a 1963 mai bes bai zo wurin ɗaukar waƙa ba aka miƙa mata, ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ɗaukar kiɗansu a tarihi. Richard Bona na maƙwabtanmu Kamaru ma da jita ya biyo kafin ya koma bes.

Na ɗauko takarda na rubuta sharuɗɗa biyar da hannuna: gajera, marar nauyi, mai siririn wuya, wadda ba ta cin batir, kuɗinta kada ya wuce rabin adashi. Na ninke na sa a aljihun gaba. Ina so a shaida cewa takardar nan tana aljihuna, daidai saitin zuciyata, lokacin da na aikata abin da na aikata. Kada wani ya tausaya mini ya ce rashin sani ne.

A shagon, yaron da ke tsaro ya sauko mini da wata 'yar ja, gajera, ta hannu ce amma tsaf take. Na rataya. Wallahi sai na ji kamar na sa tsohon silifas ɗina. Hannu ya kai gaɓar farko ba tare da na miƙe kamar mai tsinkar mangwaro ba, kafaɗa ba ta ma san an ɗora mata komai ba. Na tambayi kuɗi, ya faɗa, bai kai rabin adashin ba. Har na kai hannu aljihu sai ga wasu samari biyu sun shigo neman wayar makirfo. Ɗaya ya dube ni ya ce, "A'a! Oga lid, kai ne? Mun gan ka a Barnawa, ka kashe mu ranar nan." Yaron shago, wanda Allah Ya ba shi hancin kasuwa, ya shaƙi iska ya ce, "Ai wannan ta 'yan koyo ce, Oga. Yara ake saya wa." Sannan ya ɗaga ido sama, inda wata baƙa ke rataye ita kaɗai kamar sarauniya, tsirkiya biyar, inci 35, maɓallai shida masu ruwan zinari. Ya sassauta murya ya ce, "Waccan ce ta manya."

Na cire 'yar jar nan kamar ta ƙone ni, na ce, "Ai 'yata nake duba wa." 'Yar tawa shekararta uku a lokacin. Aka sauko da baƙar, mutum biyu suka kama. Da na rataya na ji wani abu ya ce ƙas a bayan wuyana, na ɗauka girma ne ke shiga jikina. Samarin suka ce, "Kai, Oga, ta dace da kai." Ya faɗi kuɗi, adashin ne gaba ɗaya har da ciko. Ni da nake tsayawa minti goma ina ja-in-ja da mai tumatir a kan naira 50, ko tayi ban yi ba, don kada samarin su ga kamar abin ya yi mini yawa. Na ƙirga na miƙa, na ce ya riƙe canji. Samarin kuwa suka sayi wayarsu suka tafi, har yau ban sake sa su a ido ba. Mutanen da na kashe adashin wata goma dominsu ke nan.

Mai keke ya dubi akwatin ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya dai ko?" Ya caje ni kuɗin mutum uku, duk da haka kan akwatin a waje ya yi tafiyar, yana gaisawa da masu babur. A gida uwargida ta zaga shi sau biyu, ta ce in buɗe, na buɗe. Ta ce, "Malam, kai za ka riƙa ɗaukar ta ko ita za ta riƙa ɗaukar ka?" Na fara yi mata bayanin maɓallai shida. Ta bari na gama tsaf, sannan ta tambaya a cikin shidan wanne ne ke sanyaya ruwa, tunda da adashin nan aka yi alkawarin firji. Ban samu amsa a cikin binciken dare huɗun nan ba.

Halin baƙar na farko da ya bayyana shi ne, kanta ya fi gindinta nauyi. Da na saki hannun hagu sai ta sunkuya ƙasa kamar jakin da ya hango ciyawa. Hannun da ya kamata ya yi kiɗa ya koma ɗan dako, rabin ƙarfinsa a tallafe yake ƙarewa. Maimakon in yarda zaɓina ne ya karkace, sai na ɗora wa maratayi laifi. Na sayi na biyu, na sayi na uku, na kai wa baduku ya ɗinka mini na fata mai faɗin tafin hannu ya cusa soso a ciki. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ban taɓa zaton da ni ake ba.

Hali na biyu kuma amfilifayata ce ta ɗanɗana. Rowa ta hana ni tunanin sayen ta bes, na ce lasifika ai lasifika ce. Na jona a 'yar ƙaramar da nake kaɗa jita da ita tun ina saurayi, na murɗa har ƙarshe, na daki tsirkiya ta biyar. Tsirkiyar E ta bes sau 41 take kaɗawa a daƙiƙa guda, ta biyar ɗin nan kuwa sau 31, girgiza ce mai tura takardar lasifika gaba da baya fiye da abin da aka yi ta jita ta ɗauka. Ta yi tari sau biyu, ta yi wani gurnani, daga nan duk abin da na kaɗa sai ya fito kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Na zauna ina kallon ta, ga firji babu, ga amfilifaya ta bi shi.

Wurin gwaji abin ya fi muni, don can akwai shaidu. Hannuna ya saba da surutu. Duk inda na ji 'yar kafa a waƙa sai in cusa sauti goma, in haura can ƙarshen wuya inda ɗan lid ke yawo, in bar ƙasa ba kowa. Mai ganga, yaron da na girme shi da shekara goma, ya ɗaga sandunansa ya tsayar da kiɗa ya ce, "Yaya, don Allah ina za ka?" Na ce ado nake yi wa waƙar. Ya ce, "Ka saurari ƙafata. Inda ta sauka, nan za ka sauka. In ba ta sauka ba, ka jira ni." Oga ya ƙara da nasa, ya ce marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, ni an ba ni biyar na rasa wadda zan tsaya a kai. Aka yi dariya, har da sabon ɗan lid, wanda ya yi ƙoƙarin ɓoye tasa a bayan jita, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ranar biki na sha farar shadda da baƙin tabarau. Akwai abin da na karanta a daren bincike na kuma manta: irin wannan bes mai maɓallai da yawa tana da ɗan batir mai bolt 9 a bayanta, in kuma ka bar waya a jone, ko ba ka kaɗawa yana ci. Tawa ta yi mako biyu a jone a jingine a bango. Muna tsakiyar waƙa ta bakwai batir ya mutu. Ni kuwa ina gefen ganga, ƙara ta cika mini kunne, ina jin tsirkiya tana motsi a cikina, ban san komai ba ya fita. Na ci gaba da lanƙwasa, ina cije leɓe, ina rufe ido, ina girgiza kai. Waƙa uku na yi a haka. Mai fiyano ne ya gane, ya yi shiru ya riƙe bes ɗin da hannun hagunsa, sauti ɗaya-ɗaya, daidai ƙafar mai ganga.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne, a waƙoƙin nan uku ne fili ya cika. Iyaye mata da suka zauna tun farko suka miƙe suka gyara ɗaurin zani. Da aka tashi wani kawun amarya ya zo har lunguna ya manna mini kuɗi a goshi, ya ce, "Sannu maigida. Da farko ka ɗan rikice, amma waƙoƙin ƙarshen nan ka natsu, kiɗa ya zauna daram." Na yi godiya, har ina cewa ai sai a hankali hannu ke ɗumi. A cikin mota muna komawa mai fiyano ya matso ya raɗa mini gaskiya. Kuɗin goshin nan na ciro na ba shi. Ya ƙi karɓa, ya ce in sayi batir.

Bayan kwana biyu aka turo bidiyon bikin a waya. Na ce to, aƙalla waƙoƙi shidan farko za su wanke ni. Ashe 'yar lasifikar waya ba ta iya fitar da sautin da ya yi ƙasa haka. Ga muryar mawaƙi, ga kukan jitar yaron nan tar-tar, ga ni a baya cikin tabarau ina murƙususu kamar mai ciwon ciki, ba ko ɗigon sauti. Waƙar da na kaɗa da wadda ban kaɗa ba duk ɗaya. Uwargida ta kalla har ƙarshe ta ce shaddar ta yi kyau.

Hunturu ne ya kai ni wurin Baba. Iskar ta busar da katakon wuyan, ya tsuke, bakin ƙarafunan gaɓoɓi suka fito gefe kamar haƙoran zarto suna yankar mini tafin hannu, tsirkiyoyin kuma suka fara zizar da ba ta ƙarewa. Aka yi mini kwatancen wani dattijo a wani lungu bayan kasuwa, wanda ya yi kiɗa a otal-otal tun zamanin faifan garmaho, yanzu yake gyaran kayan kiɗa da rediyo. Ya karɓi baƙar da hannu biyu, ya ce, "Bisimilla," ya ɗan yi nishi. Bai ce komai ba ya aiki yaro da ita wurin mai sayar da gas na kusa a ɗora a sikeli. Yaro ya dawo ya ce kilo 5 da rabi. Baba ya dubi yadda kafaɗata ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama, ya ce, "Ɗana, awa nawa kuke yi a tsaye in ana biki?" Na ce huɗu, wani lokaci biyar. Ya ce, "Wa ya aike ka?"

Ya ɗaga ta saitin idonsa yana leƙen wuyan kamar mai duba miƙewar sanda, ya sa ɗan makulli ya juya ƙarfen da ke cikin wuyan kwata guda, ya goge bakin ƙarafunan da ɗan magagari, ya shafa wa katakon mai. Yana yi yana magana. Ya ce jitar araha da aka saita da kyau ta fi mai tsada da aka bari yadda ta fito daga kwali. Ya ce mai sayen bes a tsaye zai gwada ta, a zaune kowace jita mutuniyar kirki ce. Ka rataya, ka saki hannu biyu, in ta sunkuya ka mayar musu da abarsu. Ka tsaya da ita tsawon waƙa biyu kana hira da mai shago, kafaɗarka za ta gaya maka abin da bakinsa ba zai faɗa ba. Ka rufe ido ka kai hannu gaɓar farko, in sai ka karkace kafin ka kai, ba taka ba ce. Ka bi gefen wuya da tafin hannu, ka danna kowace gaɓa ka ji ko tana ziza, ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi. Na ce masa duk na san wannan, har na rubuta. Na ciro takardar, wadda ta sha wanki sau biyu a aljihu. Ya karanta da kyar, ya ce, "To ai malamin da ya rubuta wannan ya fi ka hankali. Me ya sa ba ka tafi da shi kasuwa ba?"

Na yi ƙarfin hali na kawo uzurina na ƙarshe, na ce gajerar ai ba ta da murya. Ya jawo wata tsohuwa daga ƙarƙashin tebur, fentinta duk ya kankare, ya jona, ya taɓa sau ɗaya da babban yatsa. Gwangwanayen ƙusoshin da ke kan tebur suka amsa. Ya ce gajeriyar tsirkiya ba ta ɗaurewa tamau kamar doguwa, shi ya sa take da laushin dannawa, muryarta kuma takan fito da kauri, a dunƙule. Ya ce mai raina gajere bai taka kunama ba. Sannan ya sa kaset ɗin Bob Marley a wata rediyo da ke jiran mai ita, ya ce in saurari Aston Barrett, mai bes ɗinsu da ake kira Family Man. Na fara ƙirga abin da yake kaɗawa. Baba ya ce, "A'a. Saurari inda yake yin shiru." Na saurara. Ashe a cikin ramukan nan da yake bari ne ƙugun mutum ke faɗawa. Shekara 14 ina tsaye taku uku daga mai gadi, ban taɓa jin shirunsa ba, saboda ina ta sauraron kaina.

Na koma shagon da ƙafar da ba ta so. 'Yar jar tana nan a inda na bar ta, sai dai kuɗinta ya ƙaru, naira ta sake faɗuwa a tsakani. Yaron ya gane ni. Na ce, "'Yar tawa ce ta matsa." Ya dubi kafaɗata, ya shaƙi warin man zafi, ya ce, "Allah Ya raya ta, Oga." Wannan karon na yi tayi har sai da ya rantse. Na biya, na kai wa mai gas ita, kilo 3 da rabi. Kilo biyu ne kacal tsakaninsu, amma ka rataya mudu guda na shinkafa a wuyanka daga la'asar zuwa sha ɗayan dare ka zo mu yi magana.

Baƙar kuwa na sa ta a kasuwa. Wanda ya zo saye wani saurayi ne ɗan jita da aka ce ya koma bes a ƙungiyarsu, ya zo da abokansa biyu. Na ga yadda idonsa ke ƙyalli a kan maɓallan zinari, tausayi ya kama ni. Na ja shi gefe na gaya masa komai, nauyin, sunkuyon, batir ɗin, har na nuna masa 'yar jar na ce ya nemi irin ta. Ya saurare ni cikin ladabi, ya waiwaya ya dubi abokansa, ya ce, "Ai Baba, wannan ta 'yan koyo ce." Ya biya bai yi tayi ba. Na ƙara masa da maratayin baduku kyauta, da ragowar man zafi. Da yake duba ta ya yaba yadda tsirkiya ta biyar take sabuwa fil. Ban gaya masa cewa tun ranar da ta kashe mini amfilifaya ban sake kaɗa ta ba, babban yatsana kawai nake jinginawa a kai.

Na kira mai gadi a waya na ba shi haƙuri. Ya yi dariya har da tari, ya tambaye ni sauti nawa nake kaɗawa yanzu a waƙar da muke buɗe taro da ita. Na ce huɗu. Ya ce shi uku yake yi, amma in ci gaba da ƙoƙari.

Tun daga nan idona ya buɗe a wuraren biki, tunda mai tsayuwa a baya ba abin da yake yi sai kallo. Ina ganin ango cikin takalmin da ya matse shi yana murmushin dole. Ina ganin mai babbar riga kashi uku a zafin Afrilu yana fifita da katin gayyata. Ina ganin mai wayar da ya ci bashi ya saya, ba ya komai da ita sai kira da duba lokaci, ita ma tana da tata tsirkiya ta biyar. Ba na yi musu dariya sosai, don na san kowannensu akwai takarda mai hankali a aljihunsa, wasu samari biyu ne kawai suka shigo shagon a daidai lokacin.

Kada a ɗauka na warke. Firji dai an saya, kafaɗa ta koma daidai, mai ganga ya daina harara ta. Amma har gobe in na hango mai hoto ya nufo lunguna, sai in ji hannuna da kansa ya tura 'yar jar gaba, kusa da gilashin kyamara, don ta fito da ɗan girma. 'Yata kuma, wadda yanzu ta shiga shekara biyar, ta ji labarin a bakin uwarta. Duk ranar da zan fita da jitar sai ta tare ƙofa ta ce in dawo mata da abarta da wuri, kuma kada in bari ta faɗi.